Yadda Ake Bin Diddigin Yaɗuwar Cututtukan Jima'i a Inda Kuɗi da Kayan Gwaji Suka Yi Ƙaranci

Duk wanda ya taɓa buɗe rajistar marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin karkara ya san yadda kalmar "sanyi" ke cika shafukanta. Matar da ƙaiƙayin gaba ya dama sanyi ne ya kawo ta, wadda ke jin zafi in za ta yi fitsari ita ma sanyi, namijin da ya ga mugunya na fita daga gabansa kwana uku bayan saduwa shi ma sanyi aka rubuta masa. Idan wata ya ƙare aka tattara waɗannan duka aka aika hedikwata da sunan adadin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, lambar da za ta isa teburin mai tsara kasafin magani ba ta auna wata cuta guda ɗaya ba, domin an cakuɗa cutar da jima'i ke yaɗawa da wadda ba ruwanta da jima'i ko kaɗan. Wannan jagora an rubuta shi ne domin jami'in lafiya na jiha ko na gunduma da aka ɗora wa alhakin sanin yadda waɗannan cututtuka suke a yankinsa, alhali ba shi da babban ɗakin gwaje-gwaje, kuma kuɗin da ke hannunsa ba su taka kara sun karya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an samu sababbin kamu miliyan 374 na cututtuka huɗu da ake iya warkarwa a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49: tirikomonas miliyan 156, kalamidiya miliyan 129, gonoriya miliyan 82, sai tunjere miliyan 7.1. Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne da aka gina a kan bincike 'yan kaɗan, kuma ƙasashen da cutar ta fi yi wa nauyi su ne suka fi ƙarancin bayanai. Saboda haka aikin jami'in gunduma ba ƙaramin aiki ba ne, daga irin takardunsa ake gina waɗancan miliyoyin.

A fara da yanke shawarar abin da za a ƙirga

Tambayoyi biyu ne ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce mutum nawa ne ke ɗauke da cutar a yanzu cikin kowane mutum ɗari, ta biyu kuma mutum nawa ne suka kamu sabo a cikin shekara. Gwajin da aka yi wa jama'a a wani lokaci guda yana amsa ta farko, rajistar asibiti kuwa, in an cika ta da kyau, tana ba da ɗan haske ne kawai a kan ta biyu. Kowace lamba kuma dole ta zo da amsar "cikin mutum nawa", domin cewa an samu mata 40 masu tunjere ba ta da ma'ana sai an san ko cikin 400 aka gwada ko cikin 4,000.

Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2012 ya kasa aikin gida huɗu: rahoton waɗanda suka zo asibiti, auna yawan masu ɗauke da cuta a cikin jama'a, gano ainihin ƙwayoyin da ke haddasa alamomin da ake gani, da kuma lura da bijirewar gonoriya ga magani. Huɗu a lokaci guda sun yi wa mai farawa yawa. Gundumar da ke farawa ta riƙe abu biyu ta kyautata su, wato ƙirga mazan da suka zo da fitar mugunya da kuma gwajin tunjere a wurin awon ciki, sauran kuma a bar su ga matakin jiha ko na ƙasa.

Rajistar asibiti da iyakarta

A yawancin ƙananan asibitoci ba a gwada majiyyaci kafin a ba shi magani. Ana duba alamar da ya zo da ita ne, a ba shi magungunan da za su kashe dukkan ƙwayoyin da aka san suna kawo wannan alama, kuma wannan hanya ce da aka amince da ita tun farkon shekarun 1990 domin wuraren da ba su da ɗakin gwaji. To tunda da alama ake magani, da alama za a yi ƙirga, amma ba kowace alama ce ta cancanci a dogara da ita ba.

Fitar mugunya daga mafitsarar namiji ita ce alama mafi aminci, domin mafi yawanta gonoriya ce ko kalamidiya, tana bayyana cikin kwanaki kaɗan bayan kamuwa, kuma tana da zafin da ke sa mutum ya nemi magani da wuri. Gyambon al'aura a maza da mata shi ke bi mata. Fitar ruwa daga farjin mace kuwa, duk da cewa ita ce ta fi cika rajista, ba ta dace da auna yaɗuwar cutar jima'i ba, saboda mafi yawanta daga ƙwayar kandida ne ko daga rikicewar ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a farji tun asali, kuma budurwar da ba ta taɓa sanin namiji ba tana iya samunsu. A ɗaya ɓangaren kuma, mafi yawan matan da ke ɗauke da kalamidiya, da kaso mai yawa na masu gonoriya, ba sa jin komai a jikinsu, don haka ba za su taɓa shiga rajista ba. A yankunan da ake noman rani da kamun kifi, inda mata ke shiga ruwan tafki da na madatsa, akwai ƙarin ruɗani: tsargiya kan sauka a mahaifa da farji ta kawo fitar ruwa da jini bayan saduwa da ciwon mara, ma'aikacin lafiya ya rubuta cutar jima'i, a yi ta ba mace maganin da ba zai yi mata aiki ba, wani lokaci har zargi ya shiga tsakaninta da mijinta.

Saboda haka a gyara rajistar ta yadda kowace alama za ta samu gurbinta daban, a rubuta jinsi da rukunin shekaru, a kuma raba zuwan farko da dawowa, domin mutum ɗaya da ya dawo sau uku saboda magani bai karɓe shi ba bai zama mutum uku ba. A bango kusa da teburin mai duba marasa lafiya a liƙa ma'anar kowace alama cikin jimla ɗaya ko biyu, da harshen da ma'aikatan ke ji. Wajen shigar da rahoton wata-wata a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙirƙira kuma Najeriya da ƙasashe masu yawa ke amfani da ita, a bambanta asibitin da ya rubuta sifili da wanda bai aiko da rahoto ba sam, domin in aka ɗauke su abu ɗaya, watan da babur ɗin kai rahoto ya lalace zai fito a jadawali kamar watan da cuta ta ragu. Kullum a riƙa rubuta kashi nawa na asibitoci suka aiko da rahoto a gefen adadin.

Babban giɓin da rajista ba za ta iya cikewa ba shi ne kyamis. Namijin da ya ga mugunya, kafin ya je ya bi layi a asibiti inda ƙanwar matarsa ke aikin kati, ya gwammace ya tsaya wurin mai kyamis bayan magariba ko ya nemi mai maganin gargajiya. Hanya mai sauƙi ita ce a zaɓi shaguna kaɗan masu rajista a cikin gari, a ba su takardar da za su riƙa ja layi ɗaya duk lokacin da namiji ya zo da wannan ƙorafi, ba suna ba adireshi. Ba za ta ba da cikakken adadi ba, amma za ta nuna ko raguwar da aka gani a asibiti ta gaskiya ce ko kuwa mutane ne suka koma shago saboda an ƙara kuɗin kati.

Awon ciki da gwajin tunjere

Nan ne ya kamata a zuba mafi yawan ƙarfi, domin a nan kaɗai ake gwada mutane masu yawa da ba ciwo ya kawo su ba, kuma sakamakon yana ceton rai nan take. Tunjere da ba a yi maganinsa ba yana ratsa mabiyiya ya kama ɗan tayi, ya jawo ɓari ko haihuwar gawa ko mutuwar jariri, alhali allurar benzatin fenisilin da aka yi wa uwa aƙalla kwana 30 kafin haihuwa tana kare yaron. An ƙiyasta cewa a 2022 an samu kimanin 700,000 na tunjeren da uwa ta shafa wa ɗa a duniya.

Lambobi uku ake buƙata kowane wata: mata nawa aka gwada cikin waɗanda suka zo awon farko, nawa gwajin ya nuna suna da cutar, nawa kuma aka yi wa allura cikin waɗanda aka samu da ita. Ma'aunin da ake bi kafin a tabbatar wa ƙasa cewa ta kawar da cutar daga jarirai shi ne kashi 95 cikin 100 na masu ciki su je awo, kashi 95 na masu zuwa awo a gwada su, kashi 95 na masu cutar a yi musu magani, sannan jariran da suka kamu kada su wuce 50 cikin kowace haihuwa 100,000. Kyuba ce ƙasa ta farko da ta samu wannan shaida a 2015. Lamba ta farko cikin ukun, wato yawan matan da aka gwada, ita ce mabuɗin sauran, domin idan kashi 20 kawai aka gwada, akwai yiwuwar ungozoma ta zaɓi waɗanda take zargi ne, wato masu tarihin ɓari ko masu wata alama, kuma hakan zai kumbura kason masu cutar fiye da gaskiya. Watan da kayan gwaji suka ƙare a rubuta hakan ɓaro-ɓaro a rahoto.

Sai kuma a san irin gwajin da aka yi, wanda shi ne wurin da ake yawan yin tuntuɓe. Gwaje-gwajen tunjere iri biyu ne. Gwajin gaggawa na ɗigon jini daga yatsa, da irin su TPHA da ake yi a ɗakin gwaji, suna gano garkuwar da jiki ya yi wa ƙwayar ita kanta, kuma wannan garkuwa kan zauna a jini har ƙarshen rayuwa ko da an warke shekaru goma da suka wuce. Gwajin RPR da VDRL kuwa suna nuna cutar da ke aiki a yanzu, suna raguwa bayan magani, amma sukan nuna akwai cuta alhali babu, musamman ga mai zazzaɓin cizon sauro ko mai juna biyu. Don kula da majiyyaciya a ƙauye, gwajin yatsa ya wadatar a yi mata allura a ranar, domin hatsarin barin ta ya fi na allurar da ba ta buƙata. Don ƙididdiga kuwa, wadda duka gwaje-gwajen biyu suka nuna ita ake ɗauka mai cuta a yanzu. Inda ba za a iya yin biyun ga kowa ba, a zaɓi asibitoci kaɗan da za su riƙa maimaita RPR a kan duk jinin da gwajin yatsa ya nuna, a yi amfani da kason da aka samu wajen gyara alƙaluman sauran. Kada a taɓa jera shekarar da aka yi amfani da RPR da shekarar da aka koma gwajin yatsa a layi ɗaya a ce cuta ta ƙaru.

Akwai wani abin lura da ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Ƙwayar tunjere tana da 'yan uwa da ke yaɗuwa tsakanin yara ta hanyar cuɗanyar fata ko shan ruwa da moɗa ɗaya, ba ta jima'i ba. Ɗaya tana yankunan kurmi masu damshi kamar sassan Ghana da Kamaru, ɗaya kuma an daɗe da saninta a busassun yankunan Sahel. Gwajin jini ba ya bambanta su da tunjere, don haka matar da ta yi irin wannan ciwo tana ƙarama za ta iya fitowa da sakamakon da ya nuna cuta. Jami'in da ke aiki a irin waɗannan wurare ya rubuta wannan a cikin bayanin rahotonsa.

Ko gwajin da ya fi kowane kyau yana da kuskurensa, kuma kuskuren ya fi yin ɓarna inda cutar ba ta da yawa. A ɗauka mata 10,000 ne, 100 daga cikinsu ke da cutar, gwajin kuma yana kama kashi 90 na masu ita, yana wanke kashi 98 na marasa ita. Zai kama 90 na gaskiya, ya kuma yi wa 198 ƙarya daga cikin 9,900 da suka rage, jimilla 288, wato kusan kashi 2.9 cikin 100 a wurin da gaskiyar magana kashi 1 ce. Gyaran ba shi da wuya: a haɗa kason da aka gani (0.0288) da ƙarfin wankewa (0.98) a cire ɗaya, a raba da jimillar ƙarfin kamawa (0.90) da na wankewa bayan an cire ɗaya, sai a samu 0.01, wato a koma kan kashi 1 daidai. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da gwaji guda mai gano ƙanjamau da tunjere lokaci ɗaya a wurin awon ciki, kuma a 2021 farashinsa ya sauko ƙasa da dala ɗaya, abin da ya ba da damar jingina ƙirgan tunjere a kan tsarin ƙanjamau da ya riga ya kafu.

Duk da haka masu zuwa awo ba su ne al'umma duka ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku ne na masu ciki ke ganin ƙwararren ma'aikacin lafiya, kuma a Arewa maso Yamma kason bai kai haka ba. Tarihin ƙanjamau a ƙasar darasi ne a kan wannan: binciken asibitocin awo na 2014 ya ba da kashi 3 cikin 100, amma da aka bi gida-gida a binciken ƙanjamau na ƙasa mai suna NAIIS na 2018 sai aka samu kimanin kashi 1.4 a tsakanin manya, ƙiyasin masu ɗauke da cutar ya sauko daga sama da miliyan 3 zuwa miliyan 1.9. Alƙaluman awo sun fi dacewa da nuna inda cuta ta dosa daga shekara zuwa shekara, muddin asibitocin da irin gwajin ba su sauya ba.

Binciken da ake fita a yi

Gonoriya da kalamidiya da tirikomonas ba a ganin su a gwajin yatsa, hanya mafi aminci ita ce a nemi ƙwayar halittarsu a fitsarin farko na namiji ko a audugar da mace ta goga da kanta, kuma wannan gwaji yana da tsada. Don haka ba aikin kowace rana ba ne, bincike ne da ake yi bayan 'yan shekaru a kan adadin da aka lissafa tun farko. Idan ana zaton kashi 5 cikin 100 ne ke ɗauke da cutar, ana kuma so kuskure kada ya wuce kashi 2 sama ko ƙasa da tabbacin kashi 95, ana buƙatar mutum 456, in kuwa daga asibitoci kaɗan za a ɗebo su rukuni-rukuni, al'ada ita ce a ninka, a nemi kimanin 912. Na'urar GeneXpert da shirin yaƙi da tarin fuka ya riga ya girka a asibitoci da yawa tana iya gwada gonoriya da kalamidiya cikin kimanin minti 90, abin da ake buƙata kawai shi ne kuɗin kwanson gwajin da yarjejeniya da masu na'urar. Hanya mafi arha kuma ita ce a rataya a jikin babban binciken da wani ya riga ya biya, kamar yadda Zambiya da Zimbabwe da Yuganda da Tanzaniya suka saka gwajin tunjere a binciken ƙanjamau na gida-gida. Tambayar da ake yi wa mutane ko sun yi cutar jima'i a watanni 12 da suka wuce, ba tare da gwaji ba, tana auna kunya da fahimta ne fiye da cuta.

Mata masu zaman kansu da direbobin dogon zango da sauran rukunan da cutar ta fi yawa a cikinsu ba su da jerin sunaye da za a yi ƙuri'a a kai. Dabarar da aka fi amfani da ita, wadda Douglas Heckathorn ya bayyana a 1997, ita ce a fara da mutane kaɗan, a ba kowannensu takardun gayyata biyu ko uku ya miƙa wa abokan harkarsa, su ma su miƙa gaba, sannan a gyara lissafin gwargwadon yawan mutanen da kowa ya sani. Najeriya ta yi irin wannan bincike na rukunan da ke cikin haɗari a 2007 da 2010 da 2014 da 2020. A nan sirri ya fi alƙaluma muhimmanci: ba a rubuta suna, ba a ɗaukar hoto, ba a buga taswirar da za ta nuna gida ko unguwa, ana neman yardar mutum bayan an yi masa bayani da harshensa, kuma duk wanda aka samu da cuta a ba shi magani kyauta a wurin. Rukunin da aka tona wa asiri sau ɗaya ba zai sake amsa gayyata ba.

Sanin ƙwayar da kuma ko magani na ci

Tunda ana magani da alama, dole lokaci-lokaci a duba ko ƙwayoyin da ke bayan alamar sun sauya. Afirka ta Kudu misali ce mai kyau: cibiyar ƙasa ta cututtuka masu yaɗuwa, NICD, da ke Johannesburg ta riƙa karɓar samfuri daga zaɓaɓɓun asibitoci, aka ga cewa ƙwayar bairas ta hafis ta zama babbar mai kawo gyambon al'aura yayin da shankaroyid, wata cutar jima'i mai kawo gyambo, ta kusan ɓacewa, aka kuma ga gonoriya ta daina jin maganin sifrofloksasin, sai a 2008 aka sauya ƙa'idar magani ta ƙasa a kan duka biyun. Ƙwayoyin sukan bambanta tsakanin wuri da wuri ma, kuma hakan na cikin dalilan da ake bayarwa kan saɓanin da aka samu a shekarun 1990, inda inganta maganin cututtukan jima'i a Mwanza ta Tanzaniya ya rage sababbin kamun ƙanjamau da kimanin kashi 40, amma gwajin Rakai a Yuganda bai nuna raguwa ba.

Ƙa'idar da ake bi ita ce idan kashi 5 cikin 100 na samfuran gonoriya suka bijire wa magani, a daina amfani da shi a matsayin na farko, kuma ana so a tara aƙalla samfuri 100, galibi daga maza masu fitar mugunya. Ƙwayar tana da saurin mutuwa a wajen jiki, don haka a shafa ta a kan farantin renon ƙwayoyi nan take, a sa a cikin kwalba mai murfi da aka kunna kyandir a ciki har ya mutu da kansa, a ajiye a ɗumin digiri 35 zuwa 37. Ba a fafe gora ranar tafiya, a tabbatar da wutar lantarki da firjin daskarewa da motar ɗaukar samfuri kafin a ɗauki na farko. Seftiriyazon shi ne maganin da yawancin ƙasashe suka rage da shi, kuma an riga an ga nau'in da ya bijire masa, musamman a Asiya, dalilin da ya sa aka fara ingantaccen shirin sa ido a Tailan a 2015 kafin a faɗaɗa shi zuwa wasu ƙasashe har da na Afirka. Ma'aikacin ƙaramin asibiti yana da rawar takawa ko ba shi da ɗakin gwaji: namijin da ya dawo da mugunya bayan ya sha cikakken magani, bai kuma sake saduwa ba, a tura shi inda za a ɗauki samfurinsa, a kuma sanar da jiha.

A matakin ƙasa ana haɗa waɗannan guntattakin bayanai a manhajar ƙiyasi ta Spectrum-STI, wadda aka fara gwadawa da alƙaluman Zimbabwe da Maroko, kuma tana buƙatar kowane sakamako ya zo da shekararsa da wurinsa da adadin waɗanda aka gwada da sunan gwajin. A matakin gunduma kuwa, kafin a sanar cewa cuta ta ƙaru ko ta ragu, a duba ko an buɗe sabon asibiti ko an rufe wani, ko an sauya gwaji, ko kayan aiki sun yanke, ko an canza ma'aikacin da ke cika rajista, ko kuma lokacin cin rani ne da maza suka bar gari. Bayan kowane wata uku a mayar wa kowane asibiti da takarda mai shafi ɗaya da ke nuna lambobinsa kusa da na maƙwabtansa, tare da adadin kayan gwaji da allurar fenisilin da za a aiko masa bisa abin da ya rubuta.